Yadda aka gina wurin bautar Hindu na Abu Dhabi, da abin da masu gina masallatai a Garo za su duba

A ranar 14 ga Fabrairun 2024 ne Firaministan Indiya Narendra Modi ya buɗe katafaren wurin bautar mabiya addinin Hindu a Abu Dhabi, babban birnin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Wata shida kafin nan, ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, wani ɓangare na Babban Masallacin Zariya ya rufta kan masallata ana tsaka da sallar La'asar, inda aƙalla mutum bakwai suka rasu.

Gine-ginen biyu ba su haɗa addini ba, ba su haɗa ƙasa ba, kuma akwai kusan shekara 190 tsakaninsu. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne asalin kowanne ya tsaya ne kan fasahar magina ta gargajiya, wadda ba ta dogara da ƙarfe. Inda suka rabu shi ne wajen awo da sa ido. Wannan ne ya sa batun ya shafi garuruwa irin su Garo da Kabo da Gwarzo, inda jama'a ke haɗa kuɗi da kansu su gina manyan masallatan Juma'a.

Yadda aka tsara ginin

An sanar da ba da filin ne a watan Agustan 2015, lokacin ziyarar Modi a ƙasar. Sheikh Mohammed bin Zayed, wanda a lokacin shi ne yarima mai jiran gadon Abu Dhabi, ya ba da shi kyauta, kuma daga baya girmansa ya kai eka 27 a yankin Abu Mureikhah, kusa da babbar hanyar Dubai. Ƙungiyar BAPS ta mabiya Hindu ce ta ɗauki nauyin aikin, aka aza harsashi a watan Afrilun 2019.

Tsayin ginin ƙafa 108 ne, tsawonsa ƙafa 262, faɗinsa ƙafa 180. Yana da ginshiƙai 402 da hasumiyoyi bakwai, waɗanda aka ce suna wakiltar masarautu bakwai da suka haɗu suka kafa ƙasar.

An yi bayan ginin da wani jan dutse daga jihar Rajasthan ta Indiya, wanda ya saba da zafin hamada, cikinsa kuma da farin dutsen marmara na Italiya. A Indiya aka sassaƙa duwatsun da hannu, aka sa wa kowanne lamba, aka yi jigilarsu ta teku a ɗaruruwan kwantenoni. Da suka iso, sai aka riƙa shigar da wannan cikin wancan bisa lambobinsu.

Me ya sa aka guji ƙarfe?

Babu rodi a jikin ginin. Dalilin yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa ganin tsohon dekin da ya fara zubar da ɓawo. Idan danshi ya kai ga ƙarfe, yakan yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi ta tsaga abin da ke kewaye da ita. Dutse yana jure nauyin da ke danna shi ƙasa na ƙarnoni, matuƙar an tsara ginin yadda kowane yanki zai sauke nauyinsa kan na ƙasa da shi.

Amma masu aikin ba su tsaya kan ilimin kakanni kaɗai ba. An binciki ƙasar wurin kafin a fara. A watan Fabrairun 2020 aka zuba kankaren harsashi a lokaci guda, kuma fiye da rabin abin da ya kamata ya zama siminti an maye shi da tokar da ke fita daga tashoshin lantarki masu ƙona kwal. Wannan toka tana rage zafin da kankare mai kauri ke yi yayin da yake daskarewa, wanda shi ne ke jawo tsagewa tun daga ciki.

Sannan an binne na'urori fiye da 300 a sassan ginin, suna auna zafi da nauyi da duk wani motsi na ƙasa. Wato tun ranar farko an ɗauka cewa gini abu ne da ke canjawa, kuma dole wani ya riƙa dubawa.

Kuɗi kaɗai ba ya hana matsala. A birnin Ayodhya na Indiya an buɗe wani babban wurin bautar a ranar 22 ga Janairun 2024, a filin da masallacin Babri yake kafin wasu masu tsattsauran ra'ayin Hindu su rushe shi a ranar 6 ga Disambar 1992, lamarin da har yanzu yake yi wa Musulmin Indiya ciwo. Shi ma an gina shi da dutse ba tare da ƙarfe ba. Duk da dukiyar da aka zuba, da ruwan farko ya sauka a watan Yunin 2024 babban malamin wurin ya koka cewa rufin yana yoyo, ko da yake masu kula da aikin sun ce babu kuskure a tsarin ginin.

Ƙasar Hausa ma tana da nata ilimin

Gini ba tare da ƙarfe ba ba baƙon abu ba ne a nan. An gina Masallacin Zariya ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya hau mulki a shekarun 1830, kuma Babban Gwani Mikaila ne ya jagoranci aikin. Da tubali da azara ya tayar da bakuna masu faɗi, ya rufe su da ɗaurin guga. Azara daga giginya ake samun ta, gara ba ta cin ta da sauƙi, kuma magina sukan jera ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa da ita, har baka ya haɗe a tsakiya.

Darajar aikin ta sa aka yi kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A Jamhuriyar Nijar kuma, masallacin Yama da ke jihar Tahoua, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi guda: kulawa duk shekara. A da, kafin damina ake sabunta yaɓe, a shafe soro da makuba ko katsi, a share indararo domin kada ruwa ya kwanta a sama. Mutanen Djenne a Mali har yau suna fitowa gari guda kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu. A yawancin garuruwan Kano wannan al'ada ta ja baya, kuma ƴaƴan magina da yawa sun koma aikin bulo.

Abin da ya maye gurbinta sau da yawa yana ƙara lalata lamarin. Idan aka shafe katangar ƙasa da siminti, danshin da ya shiga ba ya samun hanyar fita. Daga waje katanga tana sheƙi, daga ciki tana narkewa, kuma babu mai gani sai ranar da ta saki.

A Zariya, bayan ruftawar, Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana guda kafin nan, kuma ana shirin kawo injiniyoyi su gyara sai abin ya faru. Tsakanin ganin tsaga da zuwan gwani, mutane sun ci gaba da sallah a ƙarƙashinta.

Inda haɗarin yake a yau

Sabbin masallatan da ake ginawa a yammacin Kano kusan duk na bulo da kankare ne. Tsarin da aka saba shi ne a kafa kwamiti, a buɗe asusun gudummawa, wani attajiri ko ɗan siyasa ya ba da siminti, a kira birkila a nuna masa hoton wani masallaci a waya.

Matsalar ita ce masallacin Juma'a ba gida ba ne. Ana son fili mai faɗi wanda ginshiƙai ba za su yanke sahu ba, ana son kubba a sama, wani lokaci a ƙara bene daga baya idan jama'a sun yi yawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar lissafin injiniya: kaurin rodi, yawansa, tazarar da ke tsakanin ginshiƙai da zurfin harsashi.

Ga kuma tsadar kaya. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama na Najeriya. Idan kuɗi ya gaza, abin da ba a gani shi ake fara ragewa. A ƙara yashi, a sa rodi siriri, a daina ba kankare ruwa kafin ya nuna. Aikin kuma yakan tsaya shekara biyu ko uku ana jiran gudummawa, rodi a waje yana shan ruwan sama, sannan a dawo a ɗora a kansa.

Dokoki suna nan a rubuce. Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, hukumar COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista, a Kano kuma hukumar KNUPDA ce ke amincewa da taswirar gini. Amma mafi yawan sa idon a birni yake ƙarewa. A ƙauye, mutane na jin nauyin tsayar da aikin Allah saboda takarda, jami'i ma ba ya son a ce shi ne ya hana gina masallaci.

Abin da kwamiti zai iya yi

Babu garin da ke Ƙaramar Hukumar Kabo da zai sayi na'urori 300 ko ya yi odar dutse daga Indiya, kuma ba a buƙatar hakan. Abin da za a iya ɗauka daga Abu Dhabi shi ne jerin matakan, kuma yawancinsu ba su da tsada idan aka kwatanta da kuɗin ginin gaba ɗaya.

Na farko, a ware kuɗin injiniya mai rajista da na gwajin ƙasa kafin a sayi buhu ko ɗaya. Garuruwan nan suna da ƴaƴansu da suka karanta aikin injiniya a Jami'ar Bayero ko ta Wudil, kuma lissafin da za su yi gudummawa ce kamar ta mai ba da siminti.

Na biyu, a yanke shawara tun farko ko za a ƙara bene nan gaba, domin a yi harsashin da zai ɗauka. Idan kuɗi ba zai kai ga dekin ba, rufin kwano mai kyau ya fi dekin da aka yi da ƙarancin rodi aminci.

Na uku, a tsara hanyar ruwa. Yawancin lalacewar gini a wannan yanki daga ruwan Agusta take farawa, ko ya kwanta a rufi ko ya taru a gindin katanga.

Na huɗu, tsofaffin masallatan ƙasa da suka rage a nemo maginan da suka san aikinsu, a gyara su da irin kayansu, a bar lulluɓe su da siminti.

Na ƙarshe, a ajiye wani kaso na abin da ake tarawa ranar Juma'a domin gyara, a sa mutum guda da zai zagaya ginin kowane watan Afrilu kafin ruwa ya sauka. Idan aka ga tsaga a ginshiƙi ko rufi, liman da kwamiti su rufe wannan ɓangaren a ranar, a shimfiɗa tabarmi a waje har sai injiniya ya zo ya duba.