A Daina Faɗo Mana Waya Ba Sallama

Jama'a, a zo a yi maganar nan da kowa ke yi a majalisa da bakin shago amma ba mai kai ta inda za a ji. Wayar da ke aljihunka kai ka saya. Layin da ke cikinta kai ka tsaya a rana ka yi masa rajista, aka ɗauki hotonka da zanen yatsunka. A ƙarshen 2020 aka ce sai ka haɗa shi da lambar NIN ko a rufe, ka sake komawa ka sha wata ranar. Katin da ke ciki guminka ne. Cajin ma, a unguwanni da ƙauyuka da yawa, sai ka biya mai janareto kafin ya jona maka. To, da wane dalili wani kamfanin da ko sunansa ba ka taɓa ji ba zai riƙa turo maka tes safe da yamma, wai ka danna 1 ka ci miliyan, ka danna 2 a riƙa aiko maka da sirrin mallakar zuciya, ko ka zo ka karɓi bashi cikin minti biyar ba jingina?

A tarbiyyarmu, ko maƙwabcin da kuka shekara talatin tare ba ya faɗa maka gida. Zai tsaya a zaure ya yi sallama, in ba a amsa ba ya juya. Dillaliyar da ke yawo gida-gida da kaya a ka ita ma sai ta yi sallama, kuma in uwargida ta ce yau ba ta saye, sai ta naɗe kayanta ta yi gaba. Masu tallan tes ne kaɗai suka samu lasisin shiga har ƙuryar ɗaki, su tashe ka daga barci, su baje hajarsu a kan shimfiɗarka, wani lokaci ma su laluba aljihunka kafin su fita.

Wani zai ce ai abin bai kai a ɗaga murya ba, ka goge kawai. Mai faɗin haka bai taɓa zama yana jiran alat na albashi ranar talatin ga wata ba, waya ta yi ƙara, gabansa ya faɗi don murna, ya duba ya tarar ana tallata masa waƙar jiran kira. Bai taɓa barin mara lafiya a asibiti yana dakon labari ba. Kuma da alama babbar waya yake riƙewa. Masu ƙaramar waya mai tocila, waɗanda su ne iyayenmu da manomanmu da 'yan kasuwar ƙauye, sun san cewa akwatin saƙonta ba ya ɗaukar da yawa. In tarkacen talla ya cika shi, saƙon gaske ba ya samun wurin sauka. Mafi muni, mutane da yawa sun daina buɗe tes gaba ɗaya saboda sun gaji. A cikin abin da suke ƙin dubawa akwai gargaɗin banki cewa an taɓa asusunsu, akwai saƙon makarantar yara, akwai kiran ganawar neman aiki.

Sannan ga maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ciwo. "Sun cinye min kati." Wa bai taɓa jin wannan kuka ba? Ka sa katin ɗari biyu da daddare, ba ka kira kowa ba, gari ya waye ka tarar saura ɗari da hamsin. Yadda abin ke faruwa ba wani siddabaru ba ne. Akwai kamfanonin da ke sayar da ƙananan hidimomi ta cikin layin waya: labarin ƙwallo, kacici-kacici, wasannin sa'a, waƙar da mai kiranka zai ji. Kuɗin da aka cire maka raba shi ake yi tsakaninsu da kamfanin layin. Sau da yawa tallan kan faɗo ne a kan fuskar waya ya tsaya, mutum ya danna maɓalli don ya kore shi, ashe dannawar nan ita aka rubuta a matsayin amincewarsa. Daga ranar sai a riƙa yankar naira ashirin ko hamsin, kullum ko duk mako, kuma rajistar tana sabunta kanta. Tsohuwar da ba ta karanta boko, balle Turanci, yaushe ta amince? Da me ta amince?

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ka yi lissafin da kanka: in aka cire wa mutum miliyan ɗaya naira hamsin-hamsin, an tara naira miliyan hamsin a tashi ɗaya, kuma babu ko mutum guda a cikinsu da zai hau mota ya tafi ofis saboda hamsin. Layukan da ke aiki a Najeriya sun haura miliyan 150. Duk wannan ciniki a kan abu ɗaya ya dogara: an san za mu yi tsaki, mu ce Allah ya isa, mu sake sayen wani katin.

Ba yau muka fara biya ba. Lokacin da wayar salula ta shigo a 2001, layi kaɗai sai da ya kai naira dubu ashirin ko fiye, kira kuma naira hamsin a minti, ko da daƙiƙa biyar ka yi. An ce mana lissafin daƙiƙa-daƙiƙa ba zai yiwu ba, sai da Glo ya shigo da shi a 2003 sannan kowa ya gano ashe yana yiwuwa. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, tes ɗin da kake turawa a naira 4 ya koma naira 6. Mun biya. Wanda ke biya kuwa yana da bakin magana, kuma mafi ƙarancin abin da zai nema shi ne a bar masa wayarsa ta huta.

Abin da zai ba ku mamaki, doka tana gefenmu tun tuni. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa ta waya. A 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Abuja ta tabbatar wa wani lauya nasarar da ya yi a kan ɗaya daga cikin manyan kamfanonin waya, ta ce barin wasu su riƙa turo masa saƙonnin da bai nema ba keta wannan haƙƙi ne. Hukumar Kula da Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a zamanin shugabancin Farfesa Umar Garba Danbatta, ta wajabta wa kamfanoni buɗe lambar 2442 daga ranar 1 ga Yulin 2016, domin duk wanda ba ya son talla ya rufe ƙofarsa. Ta kuma hana a sa mutum cikin wata hidima ko a sabunta masa ita ba da yardarsa ba. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba ka ikon cewa ba ka yarda a yi amfani da bayananka wajen yi maka talla ba, aka kuma kafa hukumar NDPC don ta tsare wannan.

To me ya sa har yanzu ake damun mu? Wani ɓangare na laifin yana kan yadda aka gina maganin. An bar ƙofa a buɗe, aka ce mai gida ne zai tashi ya nemo sakata. Umarnin da Turanci yake, amsar da za ta dawo maka da Turanci take, kalmar da za ka tura ma ta Turanci ce. Mutanen da aka fi cuta su ne waɗanda wannan bayani bai taɓa isa kunnensu ba. Ɗaya ɓangaren kuma namu ne, mu da muka yi boko muka san lambar, muka gyara wayarmu muka yi shiru, muka bar iyayenmu ana yankar musu kati.

Saboda haka ga aikin, kuma ba ya cin ko sisi. Ka buɗe wurin rubuta tes, ka rubuta STOP, ka tura zuwa 2442. Kyauta ne, kuma lambar ɗaya ce a MTN da Airtel da Glo da sauransu. In kana son ka tabbatar ya shiga, ka tura STATUS zuwa lambar. In akwai irin tallan da kake so a bar maka, na banki ko na ilimi ko na lafiya, ka tura HELP za a jero maka ka zaɓa. Don ganin hidimomin da aka maƙala wa layinka suna shan kati, ka danna *305# ka soke su. In an cire maka kuɗi ba da saninka ba, ka kira 300, wato sashen kula da abokan hulɗa na kamfaninka, ka faɗi ranar da adadin, ka ce a mayar maka. Kada ka ajiye waya sai an ba ka lambar ƙorafi, ka rubuta ta a takarda. In suka yi maka ƙememe ko suka yi ta ja maka rai, ka kira 622, layin NCC na kyauta, ka ba su wannan lambar. Ƙorafin da aka rubuta shi ake ƙirgawa. Wanda aka yi a teburin mai shayi, iska ke tafiya da shi.

Matasa, ku nake kira da babbar murya. Yau in ka koma gida, ka karɓi wayar Baba da ta Inna da ta Kaka, ka yi musu wannan. 'Yan mata da matan aure, in an haɗu gidan suna ko Islamiyya, a karɓi wayoyin waɗanda ba su iya ba a taimaka musu. Masu cajin waya da masu POS da masu sayar da kati, ku ne jama'a ke miƙo wa wayoyinsu kullum da amana; ku rubuta 2442 da *305# da 622 a kwali ku manna a gaban rumfa. Malamai da limamai, cin dukiyar mutum ba da yardarsa ba ai babinku ne, minti biyu bayan sanarwar ɗaurin aure sun isa. Gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato da Katsina da Bauci, da kuke buɗe layi jama'a su kira su koka kan ruwa da wuta, ku ware wa wannan fili, ku gayyato jami'an NCC da na kamfanoni su amsa tambayoyi da Hausa, kai tsaye.

Sai dai kada a ɗauka 2442 ta gama komai. Wani lokaci takan tare har saƙon da makaranta ko ƙungiya ta tura wa mutane da yawa a lokaci ɗaya, don haka mai jiran irin wannan ya lura. Kuma ba ta hana ɗan damfara da ke amfani da layi irin naka ya rubuto cewa an rufe BVN ɗinka, ko ka ci wata gasar da ba ka shiga ba, ko an zaɓe ka cikin masu samun tallafin gwamnati. Amsar wannan guda ce: kada ka kira, kada ka danna adireshin da aka turo, kada ka faɗa wa kowa lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka. Bankinka ba zai taɓa neman su ta waya ba.

Mu kuma tambayi kanmu inda suke samun lambobinmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk takardar da aka miƙo mana a taro, ko fom ɗin tallafi da ke yawo a WhatsApp, sai mu zuba suna da lamba har da NIN ba tambaya. Manhajojin bashi kuwa sun fi kowa ɓarna: kana sauke su kana ba su izinin kwashe duk lambobin da ke wayarka, shi ya sa mutumin da bai ci bashin kowa ba zai wayi gari da tes ana zagin ɗan'uwansa, ana kiran sa ɓarawo. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fara dirar wa irin waɗannan kamfanoni tun 2022, kuma tana karɓar ƙorafi. Wanda aka yi wa haka ya ɗauki hoton saƙon ya kai. Ga kuma tallan caca. A Kano Hisba na rufe shagunan cacar ƙwallo, amma tallanta na shiga wayar ɗan sakandare har cikin ɗakin uwarsa, ba mai tambayar shekarunsa.

Ga hukuma da kamfanoni, buƙatarmu ba ta da sarƙaƙiya. A juya tsarin: kowane sabon layi ya zo a rufe, wanda ke sha'awar talla shi zai nema a buɗe masa. Kada a cire wa mutum ko kwabo sai an tambaye shi sau biyu, da harshen da ya zaɓa, an faɗa masa nawa ne kuma duk kwana nawa. Kamfanin da ya iya tallata mana garaɓasar data da Hausa a rediyo ba shi da hujjar kasa turo mana gargaɗin cire kuɗi da Hausa. NCC, ƙarƙashin Dakta Aminu Maida, ta riƙa wallafa sunayen waɗanda ta kama da laifin nan, da tarar da suka biya, da adadin kuɗin da aka mayar wa jama'a, mu gani da idonmu. 'Yan majalisarmu kuma, da su ma kan cika mana waya da tes idan zaɓe ya ƙarato, su tuna lambobin nan da suke turo wa roƙon ƙuri'a na mutanen da ake yankar wa kati ne, su tashi su yi magana a zauren majalisa.

Kafin su motsa, mu mu fara. Ka ajiye wannan takarda, ka ɗauko wayarka ka tura STOP zuwa 2442, sannan ka leƙa gidan maƙwabcinka ka tambaye shi ko an yi masa.