Takarda Kaɗai Ba Ta Yin Injiniya

Ya ku ɗalibai da iyayen yara.

Da yawanku na burin karatun injiniya a Kaduna Polytechnic ta Tudun Wada, wadda ta samo asali tun 1956. Madalla. Amma ku sani, lissafi da zane kaɗai ba su riƙe wa mutum aiki.

Kafin ɗalibi ya gama, ana tura shi koyon aiki a masana'anta, wato shirin SIWES. To, can ake gane mai zuwa kan lokaci, da mai iya rubuta rahoto, da wanda zai ce "na yi kuskure" tun kafin inji ya cinye hannun wani.

Ku leƙa Panteka ku gani: mai walda da ke cika alkawari shi ke da ciniki. Injiniyan da ya raina irin waɗannan, ko ya kasa yi musu bayani, wa zai haɗa masa abin da ya zana?

Saboda haka iyaye, ku bar yaro ya yi jawabi ranar muhadara. Ku aike shi kasuwa, ya dawo da canji da lissafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.