Shafin Talaka Ma Yana Son Yaɓe

Jama'a, mu marubuta mun iya kukan talaka cikin waƙa da ƙagaggen labari, amma in aka zo adana tarihinsa sai mu yi gum.

A shekarar 2005 mazauna bukkokin Kennedy Road a birnin Durban na Afirka ta Kudu suka kafa ƙungiyar Abahlali baseMjondolo don neman muhalli. A 2009 suka kayar da gwamnatin lardin KwaZulu-Natal a Kotun Tsarin Mulki, aka soke sashe na 16 na dokar da ta tilasta a kore su. Ƙungiyar tana da shafi a kundin sani na Wikipedia, inda ɗalibi da ɗan jarida kan fara leƙawa.

To, shafin nan kowa na iya taɓa shi. Wani na iya goge "mazauna" ya sa "'yan kama-wuri-zauna", ya cire hukuncin kotu. Kafin wayewar gari masu gaskiya sun zama masu laifi. Ƙa'idar Wikipedia ita ce a kawo hujja daga abin da aka buga, ban da son kai. Madalla! Amma wa zai nemo hujjar, ya yi gadinta, in ba mai alƙalami ba?

Wasunmu na cewa wahalar banza ce, ba suna ba kuɗi. Haba! Gidan ƙasa in ba yaɓe, ai damina ke cinye shi. Mu ma a Legas an rushe Maroko a 1990, an rushe Otodo Gbame a 2017. In ba mu rubuta su da Hausa mun tsare ba, bakin masu rusau kaɗai jikokinmu za su ji. Allah Ya sa mu farga.