Neman Ubangida A Kasuwa: Idan An Ƙi Ka, Ka Koma Da Mutuncinka



Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye ƙauyuka da gonaki, aka sake wa dubban mutane matsuguni, arziƙin ƙasar Yauri ya ƙara rataya a kan ruwa. Daga Yelwa zuwa Wara a Ngaski, har Shanga, jama'a na ci daga bandar kifi, noman albasa da shinkafa, da tuƙin jirgi. Waɗannan sana'o'i a hannun ubangida ake koyonsu. Shi ke nuna wa yaro kifin da ya bushe sosai da wanda zai ruɓe a hanya, da dillalin da ake ba bashi, da iyakar kayan da jirgi ke ɗauka.

Abin da ke damuna shi ne halin wasu matasanmu idan an ƙi karɓarsu. Yaro zai gama makaranta, ya je wurin babban ɗan kasuwa, a ce masa babu gurbi, sai ya dawo majalisa yana cewa mutumin mahassadi ne. Da wannan magana ya toshe wa kansa ƙofar da aka rufe yau, da waɗanda ba a rufe ba, domin iyayengida suna jin labarin juna.

Musulunci ya koya mana ladabin wannan wuri. A Suratul Kahfi, Annabi Musa (AS), da girman matsayinsa, shi ya yi tattaki ya roƙi Halliru ya bar shi ya bi shi don ya koya. Amsar farko da ya samu ita ce ba zai iya haƙuri ba. Bai yi fushi ba, ya karɓi sharaɗi, kuma da lokacin rabuwa ya zo, sai da ya saurari bayani. Aya ta 28 a Suratun Nur ma ta umarci wanda aka ce ya koma daga ƙofar gida da ya koma, ta bayyana cewa hakan ya fi masa tsarki. Mai dukiya yana da haƙƙin zaɓen wanda zai damƙa wa amanarsa, kuma sau da yawa yana da uzurin da bai faɗa ba: bashi a kansa, ko yaron da ya taɓa cin amanarsa.

Sannan mai nema ya duba abin da yake nema. Da Abdurrahman bin Auf ya isa Madina, Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, amma shi hanyar kasuwa ya tambaya, ya fara da cuku da man shanu. Yaron da ya fara da roƙon jari ya tsorata mai gida. Wanda ya ce a bar shi ya ɗauki kwando, ya riƙe lissafi, shi ake jarrabawa har a amince.

Iyayengida ma akwai nasu nauyin. Wanda ba zai karɓi yaro ba, ya faɗa masa da kyakkyawar magana, ya nuna masa wani. Wanda ya karɓa, ya fayyace shekarun hidima da sallama a gaban shaidu. Idan ƙiradi ne, Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure ta yi bayaninsa, kuma ya kamata a yanke rabon riba tun farko. Malamai kuma sun ce asarar da ba ta sakaci ba, mai jari ke ɗaukarta.

Ya kai ɗalibi, idan an ƙi ka, ka yi godiya, ka tambayi abin da za ka gyara, ka ci gaba da gaishe shi. Arziƙinka yana hannun Allah. Allah Ya haɗa 'ya'yanmu da iyayengida nagari, amin.