Gonar Makaranta Ba Wurin Hukunci Ba Ce

'Yan'uwa masu shirin koyarwa a nan Tudun Wada, akwai wata al'ada da ya kamata mu yar tun kafin mu fita: yaro ya yi laifi, a miƙa masa fartanya, a kora shi gona. Wanda aka hukunta da noma, yaushe zai so shi?

Mu dubi Samaru, inda aka kafa gonar gwaji a 1922. Da aka kawo noman shanu a 1928, manoma ƙalilan suka fara, sauran sai da suka ga amfaninsa kana suka bi. Gani ya kori ji.

To, haka za mu yi. Malami shi zai fara duƙawa. A yanka fili biyu daidai, a shuka dawa rana ɗaya, guda da taki, guda babu. Da kaka yara su auna da mudu, su rubuta. Ga lissafi, ga noma. Abin da aka samu su kai gida iyaye su gani. In mun ƙi, za mu yaye masu gudun fartanya, alhali da ita ƙasar ke ci. Allah ya kiyaye.