Sukiyaki a Gidan Bahaushe: Abin Ara da Abin Bari

Tun da wayar hannu ta shiga kowane ɗaki, girke-girken ƙasashen nesa sun fara samun masu sha'awa a tsakanin ɗaliban Kongo da matan aure matasa na Tudun Wada, har ma da cikin birnin Zazzau. Daga cikin waɗanda suka fi ɗaukar ido akwai wani dahuwar nama na mutanen Japan da ake kira sukiyaki, watau a kafa kasko a kan wuta a tsakiyar masu ci, ana dafawa ana tsama ana ci. Ra'ayi ya kasu biyu game da shi. Wasu na ganin kwaikwayo ne kawai irin na 'yan boko, wasu kuwa sun ɗauka sai an bi shi daki-daki kamar yadda ake yi a Tokiyo kafin ya amsa sunansa. Alal haƙiƙa duk ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma tarihin abincin shi ne shaida ta farko.

Su kansu Japanawa aro suka yi. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman shanu da dawaki da kaji da wasu dabbobi a watannin noma, daga nan kuma, saboda tasirin addinin Buda, ƙyamar naman shanu ta zauna a ƙasar fiye da shekara dubu. Sa a wurinsu abin huɗa ne da ɗaukar kaya. Sai bayan da ƙasar ta buɗe tasoshin jiragen ruwanta ga Turawa aka fara buɗe gidajen dahuwar nama a Yokohama da Tokiyo, kuma a shekarar 1872 aka bayyana wa jama'a cewa Sarki Meiji da kansa ya ci naman sa. To, abin lura shi ne, da suka karɓi nama daga Turawa ba su gasa shi irin na Turawa ba. Sun yanka shi siriri yadda za a iya ɗaukarsa da tsinkayen cin abincinsu, suka dafa shi da ruwan waken soya da sukari waɗanda harshensu ya saba da su. Ɗan'uwansa shabu-shabu, wanda ya samu sunansa a Osaka a shekarar 1952, asalinsa dahuwar naman rago ce ta birnin Beijin a ƙasar Sin. Ke nan mai cewa ba a taɓa girkin nan da sauyi bai san mafarinsa ba.

Haka kuma mai cewa baƙo ne ƙwarai bai duba madafin gidansu da kyau ba. Farin magin nan da ake kira Ajinomoto ɗan Japan ne. Wani masanin kimiyya mai suna Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarinsa a cikin wata ciyawar teku a 1908, aka fara sayar da shi a 1909. Awarar da ake soyawa a bakin ƙofar makaranta kowace yamma ita ce tofu da Japanawa ke jefawa a kaskon sukiyaki. Har wa yau, ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa ita ce ke ruɓar da waken soya ya zama abin da suke kira natto. Harshen da ya girma da miyar daddawa ba zai yi baƙunta da ɗanɗanon ruwan waken soya ba.

Abu na farko da ya cancanci aro shi ne yankan. Shanun ƙasar nan, irin su Bunaji, shanun tafiya ne, namansu ba shi da kitsen nan da ke ratsa tsoka kamar na shanun Japan da ake turkewa, don haka yana da tauri. Maganin da aka saba da shi shi ne a yanka gunduwa-gunduwa a bar shi a wuta sa'a ɗaya ko biyu, itace ko gas yana ƙonewa. Amma idan aka yanka shi falle-falle, a gicciye, ba bisa tsawon zaren tsokar ba, minti ɗaya ko biyu ya ishe shi nuna, kuma ba ya gardama a baki. Wannan gwaninta ba sai an je Japan nemanta ba, tana hannun mahauta masu yin kilishi da tsire, waɗanda ke feɗe tsoka ta yi shara-shara har ana hangen haske ta cikinta. Abin da ya rage shi ne uwargida ko ɗalibi su san abin da za su roƙi mahauci a kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari, su kuma nemi ɗan tozo domin shafe kasko.

Fa'idar wannan yanka ta wuce ta taushi. A gidaje da yawa nama ya zama abin ƙirga: tsoka biyu ta maigida, ɗaya ta uwargida, yara kuwa in an yi sa'a a gutsura musu, in ba haka ba su haƙura da romo. Rabin kilo da zai ba da gunduwa ƙalilan, idan aka yanka shi siriri aka haɗa shi da kabeji da lawashi da karas da alayyafo da awara, sai ya zaga mutum shida kowa ya ji ya ci nama. Kayan lambun nan kuma ba su da tsada a Zariya da rani, lokacin da fadamun Kubanni da Galma ke cika kasuwa da su, wanda kuma shi ne lokacin hunturu da jiki ya fi son abu mai zafi.

Akwai kuma abubuwan bari, kuma ba a bukatar neman afuwar kowa a kansu. Japanawa suna zuba giyar shinkafa iri biyu a romon, sake da mirin, kuma mirin na ainihi yana da barasa kimanin kashi 14 cikin ɗari. Musulmi ba ya bukatar dogon bayani a nan. Aikin mirin zaƙi ne da ƙyalli, cokalin zuma ko mazarƙwaila da ɗan ruwa sun wadatar. Ya kamata ma a karanta jikin kwalbar ruwan waken soyan, domin akwai waɗanda ake ƙara wa barasa don kada su lalace. Sai ɗanyen ƙwai da suke tsoma naman a ciki kafin su kai baki. Can suna da tsarin wanke ƙwai da sa masa ranar da ya kamata a daina cinsa ɗanye. Ƙwan da ya wuni a kan tire cikin rana a bakin titi ba shi da wannan tabbaci, kuma babu daɗin da ya kai a sayi ciwon ciki dominsa. Yawan sukarin ma abin ragewa ne, tun da Bahaushe bai saba haɗa zaƙi da nama ba. Citta da masoro da ɗan attaruhu ba za su ɓata komai ba.

Wurin da maganar ta fi nauyi shi ne wurin zama. A tsarin gidan Bahaushe na gargajiya, mai dafawa daban, masu ci daban: maigida a zaure da maƙwabta suna ciyayya, mata a cikin gida, yara da nasu akushin. Kunya ta hana suruka cin abinci gaban surukinta. Kaskon sukiyaki kuwa yana zaunar da mai girki a cikin masu ci, hannu da yawa a tukunya ɗaya. Masu suka sun yi gaskiya da suka ce wannan ba zai shiga kowane gida ba, kuma rashin hankali ne a tilasta shi a babban gida na cikin birni inda iyaye da surukai suke. Sai dai ya kamata su duba abin da ya riga ya maye gurbin ciyayyar a gidajen ma'aikata da ɗakunan ɗalibai. Kowa da farantinsa, kowa da wayarsa, wani a kan gado wani gaban talabijin, yaro ya tashi bai taɓa koyon cin gabansa ba, bai san a bar wa ƙane loma ta ƙarshe ba. Idan aka auna da wannan, kaskon Japanawa ya fi kusa da akushin kakanni. Ba ya yiwuwa a ci shi a tsaye ko a kaɗaice, domin naman da aka bari minti biyar ya ƙandare, dole kowa ya zo a kan lokaci ya jira rabonsa. Ɗalibai huɗu ko biyar da suka yi karo-karo, ko miji da mata da 'ya'yansu, su ne ainihin waɗanda ya dace da su.

Wuta ita ce abin kiyayewa. Kurfoti na gawayi yana yin aikin sarai, amma a tsakar gida ko a baranda. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma sanyin hunturu ne ke sa mutane rufe tagogi. Ƙaramin murhun gas ya fi sauƙin sarrafawa, shi ma a bar taga a buɗe, a kuma nisanta ƙananan yara da hannun kaskon. Cokalin da aka ɗauki ɗanyen nama da shi kada ya zama na kaiwa baki.

Idan nama da ganye suka ƙare, romon da ya rage a kasko ya riga ya tara ɗanɗanon duk abin da ya ratsa shi. Japanawa sukan zuba masa taliyarsu mai kauri da ake kira udon. Taliya 'yar murji, wadda aka riga aka tafasa aka tsane, tana shan romon daidai da ita, ana kuma samunta a cikin unguwa.