Wasiƙa ga malaman daji na Madawa, Buza da Keita



Itatuwan da kuke tsaro da gumi aka same su. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, aikin raya karkara na Keita kuma ya soma a 1984. Don haka idan manomi ya kawo muku ƙwaro mai sheƙi, ya ce shi ke kashe masa dakwara, ina roƙonku ku jinkirta maganar feshi har ku tantance wane iri ne.

Masana suna kiran dangin nan Buprestidae, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Ku kifar da ƙwaron ku dubi ƙirjinsa. In jikin ya yi kauri, ga wani tsini ya turo gaba tsakanin ƙafafu, to Sternocera ne. Babbansa ganye yake ci, ƙwansa a ƙasa yake zubarwa, tsutsarsa kuma saiwa take ci, ba ta shiga gangar itace. Steraspis kuwa kore ne shar, mai tsawo, kuma tsutsarsa a cikin itacen take girma. Ramin fitar irin waɗannan a baje yake, ba zagaye sosai ba kamar na ƙwaro mai dogayen gashin kai. Abin da ya fi damuna a sani shi ne, yawancin masu huda itace a dangin nan sun fi faɗa wa bishiyar da fari ko wuta ko yawan sara don dabbobi ya riga ya raunana. Wanda ya kashe ƙwaron ya bar gatari yana aiki bai ceci dakwarar ba.

Za ku ce ba ku da madubin bincike, manomi kuma magani ya zo nema, ba suna ba. Gaskiya ne, sai dai feshi ba ya kai wa ga tsutsar da ke cikin itace ko ƙarƙashin ƙasa; kuɗin manomi ne zai tafi, ƙudan zuma su mutu. Kuma wayar da ke aljihunku ta isa. Ku kama ƙwaron da sassafe kafin rana ta ɗumama shi ya tashi, ku ɗauki hotonsa ta baya da ta ciki da ta gefe, kusa da ƙwayar ashana don a gane girmansa. Ku rubuta garin, watan da sunan itacen, ko bagaruwa ce ko gawo, sannan ku tura wa masu binciken noma na INRAN ko cibiyar AGRHYMET a Yamai.

Wassalam.